Amsar Gwaggo a kan guɗar da aka yi a kabarin Kaka

Ɗiyata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya haƙurinmu? Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da mu duka.

Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi a natse. Kin ce tun ranar da muka binne Kaka zuciyarki ba ta kwanta ba. Kina tsaye a bakin kabari kina kuka, ga matan zumunta suna buga tulu da caki suna waƙa, har wata ta rangaɗa guɗa lokacin da ake sauke akwati, kamar ana kai amarya. Wata kuma ta dafa kafaɗarki ta ce ki share hawayenki, mai bi ba ya kuka. Da kika koma makaranta, ƙawarki Musulma da ta ga hotunan a wayarki ta tambaye ki ko mu ba ma jin zafin mutuwa ne, ke kuwa kika rasa ta cewa. Sai kika tambaye ni ko wannan al'ada daga bangaskiyarmu ta fito ko ragowar Maguzanci ce, ko kuma da gaske ne Kirista ba ya tsoron mutuwa, domin ke kam kina jin tsoronta, musamman in kin shiga mota daga Kano kin nufo gida a wannan zamani da hanya ba ta da tabbas. Na ji daɗi da kika tambaya. Mace ce da ta haife ni muka sa a ramin nan, don haka maganar ba ta yi mini nisa ba.

Bari in fara da matar da ta hana ki kuka, don maganarta ce ta fi tsaya mini a rai. Alheri take nufi, amma abin da ta faɗa ba daidai ba ne, kuma ba koyarwar ikilisiya ba ce. Ibrahim ya yi kuka a kan Saratu a Hebron. Yusufu ya faɗa a kan fuskar mahaifinsa yana kuka, ya kuma yi masa makoki na kwana 7 a kan hanyar kai shi kabari. Istifanas ya mutu yana ganin sama a buɗe, yana roƙa wa masu jifansa gafara, ba a taɓa mutuwa da ƙarfin zuciya fiye da haka ba, duk da haka Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce masu tsoron Allah da suka binne shi sun yi masa makoki mai zafi. Ki buɗe Yohanna sura 11. Yesu yana tsaye a Betanya, ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu, ya san nan da ɗan lokaci zai kira Li'azaru ya fito da ƙafafunsa, amma da ya ga Maryamu tana kuka sai shi ma ya yi kuka. Wa zai dafa kafaɗarsa ya ce masa mai bi ba ya kuka? Abin da Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa shi ne kada su yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Bai hana baƙin cikin ba, irinsa ya bambanta.

Kada ki ɗauka a kanki aka fara. A shekara ta 387 wata tsohuwa mai suna Monika, mutumiyar ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ta rasu a Ostiya kusa da Roma, tana hanyar komawa gida tare da 'ya'yanta. Ɗanta shi ne Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya. Da ta cika, jikanta ya fashe da kuka, sai manya suka tsawata masa ya yi shiru, wani daga cikinsu ya ɗauki Zabura ya fara rerawa, saura suka amsa. Shi kansa Agustin ya danne hawayensa har aka gama jana'iza, don yana ganin bai dace a yi wa mai bi kururuwa ba. Sai da ya kwanta shi kaɗai hawayen suka ɓalle, kuma daga baya ya rubuta cewa wanda yake ganin laifi ne ya yi wa uwarsa kuka, kada ya yi masa dariya. Jika mai kuka, manya masu hanawa, waƙa tana tashi a kan gawa: abin da ya faru a gidanmu ke nan, shekaru fiye da 1,600 bayan nasu. Ni ina bayan jikan. Da sun bar shi ya yi kukansa, waƙar ba za ta ragu da komai ba.

Yanzu ga asalin al'adar. Gaskiya ne, wani sashe nata ya girmi bishara a gidanmu. Kakanninmu Maguzawa ne, kuma a wurinsu mutuwar tsoho wanda ya ga jikoki da tattaɓa kunne ba abin kururuwa ba ce. Akan yi kiɗa, a dafa giya, dangi su taru. Wasan jikoki da kika gani, da 'yan'uwanki suka ɗaura zanenta suka ɗauki sandarta suna kwaikwayon tafiyarta har aka ba su kuɗi, wannan na Hausawa ne duka, za ki same shi har a gidajen Musulmi na karkara. Zaman makoki, da shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, da maƙwabta su kawo abinci don kada a hura wuta a gidan rasuwa, da gaisuwar ya haƙuri, waɗannan tare muke yinsu da maƙwabtanmu, kuma suna da kyau ƙwarai. Abin da ikilisiya ta kawo shi ne karatun Littafi da wa'azi da waƙar tashin matattu. Ta cire giya da yanka, ta bar murnar, ta ba ta sabon dalili.

Amma kada kiɗan Maguzanci ya ruɗe ki ki ɗauka mutanen dā ba su da tsoro. Inna ta sha ba mu labarin gidan da ta tashi a ciki. A can mutum ba ya mutuwa haka kawai, sai dai in tsufa ya kai shi maƙura. In yaro ya mutu, ko mace a wurin haihuwa, ko saurayi da ƙarfinsa, to wani ne ya kama masa kurwa, ko kuma an saɓa wa wani iska bai sami jininsa ba. Kafin ƙasar kabari ta bushe an tafi wurin boka, an kama kaza ko akuya. Sai zargi ya shiga gida, kishiya ta daina cin abincin kishiya, tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata ta zama mayya. Da dare ba mai bi ta kusa da kushewa, ɗakin mamaci kuwa sai a daɗe ana kewaye shi don tsoron fatalwa. Ta ce mutuwa ɗaya takan jawo shekara guda ta rashin barci. Da ta karɓi bishara tana ƙaramar amarya, ta kuma rasa ɗanta na fari, yayanmu da ba mu sani ba, dangi suka zo da maganar boka. Ita da Baba suka ƙi. Mai bishara ya yi addu'a, 'yan tsirarun masu bin da ke ƙauyen suka yi waƙa, aka binne yaron, suka dawo suka kwana a ɗakin da ya cika. Ta ce ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma ji tsoron ɗakinta ba. Abin da maƙwabta suka riƙa magana a kai ke nan, har wasu suka fara zuwa sujada don su ji me mutanen nan suka taka.

To me suka taka? Ibraniyawa sura 2 ta faɗe shi a fili: Almasihu ya ɗauki jiki da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya mai ikon mutuwa, ya kuma 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya sa su bauta dukan kwanakinsu. Inna ta san wannan bautar a jikinta, ta biya ta da kaji da awaki da rashin barci, shi ya sa ayar ba ta taɓa zama mata karatu kawai ba. Mutum yana tsoron mutuwa saboda bai san abin da ke bayanta ba, yana kuma tsoronta saboda ya san abin da ya aikata, ya san akwai shari'a. Bangaskiyarmu ta ce akwai wanda ya shiga kabari ya fito a rana ta uku, mutane suka gan shi, suka ci abinci da shi, kuma shi ne ya ɗauki alhakin zunubinmu. Bulus bai ɓoye ba a 1 Korintiyawa sura 15, ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce, mun fi kowa zama abin tausayi. Duk nauyin a nan yake. Ba halin kirkin Kaka muke yi wa guɗa ba, ko da yake tana da shi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ba shi da halin kirkin da zai nuna, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. A surar nan ta Korintiyawa Bulus ya yi magana da harshen da kowane manomi a ƙasar Malumfashi zai gane, ya ce jikin da muke sawa a ƙasa iri ne. Wanda ya fitar da dawa daga rumbu a lokacin da gida ke bukatarta ya zuba a rami, ya san ya rabu da ita, kuma rabuwar tana da ciwo, amma ba ya kiran abin da ya yi asara. Matan nan da suke waƙa a bakin rami shuka suke rakawa.

Game da tsoron da kike ji, ki saurare ni da kyau, don a nan ne matasa da yawa suke hukunta kansu a banza. Jiki ba ya son mutuwa, Allah ne ya halicce shi haka. Da Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa don zai mutu, juya fuska ya yi ga bango ya yi kuka mai zafi, Allah kuwa bai tsawata masa ba, ya ƙara masa shekara 15. A Getsamani Ubangiji da kansa ya ce ransa yana baƙin ciki har ga mutuwa, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Faɗuwar gaba in kin ji ƙarar bindiga ba rashin bangaskiya ba ce. Tsoron da aka 'yantar da mu daga gare shi shi ne wanda yake zama ubangida, wanda zai sa mutum ya yi ƙarya, ya ɗaura laya, ya sayar da ɗan'uwansa, ya musunci Ubangijinsa, ko ya ƙi zuwa jinyar mai cuta don kada ya ɗauka.

Kin tuna Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a Michika ta jihar Adamawa, wanda 'yan Boko Haram suka kama a farkon watan Janairu na 2020 suka kashe shi kafin watan ya ƙare. Na ga bidiyon da suka sa shi ya yi, kuma har yau ina tuna natsuwar fuskarsa. Abin da nake so ki lura da shi, ya roƙa a yi ƙoƙarin ceto shi, ya ce da alherin Allah zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Yana son ransa, yana son gidansa. Amma ya ƙara da cewa in hakan bai samu ba, wataƙila nufin Allah ke nan, ya ce bai karaya ba, ya ce wa mutanensa kada su damu, su gode wa Allah. Mutum ne mai son ya rayu wanda kuma ba a iya saye shi da barazanar mutuwa. In aka ce Kirista ba ya tsoron mutuwa, wannan ake nufi, ba taurin zuciya ba.

Bisharar ma a kan kaburbura ta iso mana. Samari uku da suka fara aikin SIM, ƙungiyar mishan wadda ta haifi ikilisiyar ECWA, sun sauka a Legas a watan Disamba na 1893. Kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya rage, kuma bai bar aikin ba. Ta ɓangaren Zariya kuwa, bayan 1913 wasu daga cikin Isawa, Hausawa da suka daɗe suna girmama Annabi Isa, sun zo wurin Likita Miller, Baturen mishan da ke Zariya, suka karɓi bishara, suka kafa gari nasu a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa musu ya cinye da yawansu. Da tsohon tunani ne, da an ce iskoki ne suka rama, kowa ya koma inda ya fito. Waɗanda suka rage aka dawo da su Zariya, kuma zuriyarsu na cikin waɗanda suka riƙe ikilisiyar Wusasa bayan an mai da mishan can a 1929. Hausawa 'yan'uwanmu ne, sun binne nasu ɗaya bayan ɗaya ba su saki ba.

Amma fa ba kowace jana'iza ake yi wa guɗa ba, kuma a nan ina da magana da 'yan'uwana matan zumunta. Kaka ta tsufa, ta ga jikokin jikokinta na tafe, ta gaji, ita da bakinta take cewa tana marmarin tafiya. Guɗa ta dace da ita. In yaro ne, ko mace da ta bar jariri, ko manomin da aka harbe a gonarsa, waƙa za a yi, domin alkawarin bai canja ba, amma a yi ta a hankali, a bar tulu ya huta, kada a tilasta wa uwa ta tashi ta taka rawa don a ce tana da bangaskiya. Na ga an yi haka, kuma zalunci ne. An umarce mu mu yi kuka da masu kuka. Mutuwa kuma, ko a bakin Bulus, maƙiyiya ce, ita ce ta ƙarshe da za a hallaka. Ba ƙawarmu ba ce da za mu yi mata maraba. In an kashe mutum, waƙarmu ba ta hana mu neman a hukunta wanda ya kashe shi.

Kin kuma ga ba mu yi sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in ba, ba a daka gumba ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna yi don neman rahama ga mamacinsu, kuma in sun aiko mana muna karɓa da godiya, mu je mu yi musu gaisuwa, domin zumunta a ƙafa take. A ikilisiyarmu mun gaskata wanda ya mutu cikin Almasihu yana tare da shi, babu abin da ya rage da sadakarmu za ta cika, shi ya sa addu'armu ta koma kan masu rai, muka yi sujadar godiya a ranar Lahadi. 'Yan'uwanmu Katolika suna yi wa matattunsu addu'a, da dalilansu, kuma tsohuwar al'ada ce a wurinsu. Kada ki raina su a kan haka. Takaba ta wata 4 da kwana 10 ma ta Musulunci ce, mu ba a yanka mana kwanaki ba. Abin da aka ɗora mana shi ne mu kula da gwauruwa da marayu, wannan kuwa ba ya ƙarewa da kwana arba'in. Batun tufafi ma tsohuwar magana ce. Wajen shekara ta 252, lokacin wata annoba da ta yi ta kwasar mutane a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, bishop ɗinsu Sifiriyan ya gaya wa jama'arsa bai kamata su sa baƙaƙen kaya a nan ba alhali waɗanda suka riga su sun sa farare a can. Ya kuma tura su su yi jinyar masu cutar, har da waɗanda ba Kirista ba. Wannan na biyun ya fi burge ni. Shi ya sa ban damu da launin zanen da kika ɗaura ranar ba.

Abin da ya fi damuna ba tsohuwar al'ada ba ce, sabuwar ce. A dā in mai bi ya rasu da safe, kafin rana ta faɗi ko washegari an binne shi, matasan ikilisiya su haƙa kabari, kafinta ya haɗa akwati da katakon da ya samu, wani lokaci ma likkafani da tabarma sun isa. Yanzu sai a kai gawa ɗakin sanyi na asibiti ta yi makonni ana biyan kuɗi kullum, ana jiran a fitar da anko, a buga hotuna a riguna da kalanda, a yi hayar rumfuna da kujeru, a yanka sa. Na san gidajen da suka sayar da gona don jana'iza, aka gama aka watse, gwauruwa ta zauna da bashi, yara suka bar makaranta. Wasu ma tsohon yana kwance ba wanda ya aiko da kuɗin magani, sai da ya mutu aka ga motoci. Jira na kwana biyu ko uku don ɗa ya iso daga nesa, wannan na gane, mu ma mun jira babanki. Amma sauran, in kin tona, tsoro ne ya sake shigowa ta bayan gida, tsoron bakin mutane. Haka ma dagewa sai an ɗauko gawa daga Legas ko Fatakwal an kawo ƙauye ko da gidan ba shi da halin haka. Monikan nan da na ambata ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta a garinsu, amma da ajali ya same ta a baƙuwar ƙasa, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, ta kuma ce wa abokan ɗanta babu wurin da ya yi wa Allah nisa, ba kuwa zai rasa inda zai tashe ta ba. In da hali a kawo mutum gida, madalla. In babu, ƙasa duk ta Ubangiji ce.

Ke ranar jana'iza kika gani. Ni da zan nuna wa mutum inda rashin tsoron yake, makonnin da suka gabace ta zan nuna masa. Mu Hausawa muna da kunyar ambaton mutuwa a gaban majinyaci. Likita ya gaya wa dangi gaskiya a waje, su shigo suna cewa da sauƙi, kin kusa tashi, har mutum ya tafi bai yi sallama da kowa ba. Muna kiran wannan tausayi, amma sau da yawa tsoronmu ne muke karewa, mu bar majinyaci shi kaɗai da abin da jikinsa ya riga ya gaya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Inna ta tambaye mu abin da likita ya ce, mun gaya mata. Ta yi shiru na ɗan lokaci, hawaye suka zubo mata, sannan ta fara aiki. Ta lissafa waɗanda take bi bashi ta yafe wa wasu, ta faɗi wanda yake binta kuɗin taki aka biya shi a gabanta. Ta aika aka kira matar ƙanin Baba, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna a kan iyakar gona, suka yafi juna, kuma matar nan ce ta taya ni yi mata wanka a ranar ƙarshe. Ta raba zannuwanta da bakinta don kada a yi faɗa. Fasto ya kawo mata Jibin Ubangiji a ɗaki. Ta zaɓi waƙoƙin da za a yi mata, ta kuma ce kada a ajiye ta a asibiti, kada a fitar da anko. Akwai daren da ciwo ya tsananta ta riƙe hannuna ta ce tana jin tsoro, na karanta mata Zabura 23 da Romawa sura 8 har ta samu barci. Washegari ta ce tsoron ciwon ne, ba na inda za ta ba. Guɗar nan da kika ji, ita ta roƙa. Matar da ta yi ta ƙawarta ce tun suna amare, kuma na gan ta daga baya a bayan ɗaki tana kuka kamar ranta zai fita.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki ki tsaya a kansa in mu mun kau. Zargin maita yana dawowa cikin ikilisiya da sabuwar riga. Wani ya mutu, sai a ji wani mai addu'a ya ga wahayi cewa kishiya ce ko gwaggo ce ko wani yaro ne a gidan. Wannan boka ne riƙe da Littafi, kuma shi ne ainihin abin da iyayenmu suka fito daga ciki da tsada. In mutum ya mutu a tambayi likita me ya kashe shi. In hawan jini ne, saura su je a auna su. In ruwan rijiya ne, a gyara rijiyar. In sakaci ne na mai jinya, a faɗa masa. Amma kada ki zauna a inda ake ɗora wa marar ƙarfi mutuwar wani ki yi shiru, ko da ke ce ƙarama a wurin.

Ƙawarki kuwa, ki amsa mata da ladabi, don tambayarta ta gaskiya ce. A wurinsu mata ba sa bin gawa zuwa makabarta, kuma shiru a wurin binnewa girmamawa ne, dole abin da ta gani ya ba ta mamaki. Su ma sun gaskata da tashin kiyama da hisabi. Ki gaya mata muna jin zafi kamar kowa, ke ce shaida, amma mun gaskata Yesu ya mutu ya tashi, ya kuma yi alkawarin tashe nasa, waƙar kuma faɗin wannan alkawari ce da ƙarfi a wurin da ya fi wuyar gaskatawa. Ba sai kun yi gardama ba. In aka yi mata rasuwa ki je ki zauna da ita a tabarma, ki rufe kanki, ki yi shiru yadda suke yi.

Batun hanya kuma, ki yi hankali irin na mai son ransa. Kada ki yi tafiyar dare, ki shiga mota a tasha, ki tambayi labarin hanya kafin ki taso, in an ce ba lafiya ki fasa, ba wanda zai ce kin raina gida. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. In kin yi iyakar naki, ki yi addu'a ki shiga. In gabanki ya faɗi a hanya, ki faɗa wa Ubangiji haka kai tsaye, yadda Kaka ta faɗa mini a daren nan, ki maimaita ayar da kika haddace har zuciyarki ta sauka.

In kin zo hutun Kirsimeti akwai zane biyu da ta ce a ba ki, da littafin waƙoƙinta. Za mu je tare ki gaida matar ƙanin Baba, tana ta tambayarki, ƙafa kuma ta hana ta fita. Ki gaida ƙawar taki, ki ce Gwaggonki ta gode da ta'aziyyar da ta aiko.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Gwaggonki